Zoɓon da Na Riƙa Haɗa wa Baba

Assalamu alaikum. Ina gaishe da mai kula da wannan shafi, ina gaishe da iyaye da yayye da ƙanne masu karantawa. Don girman Allah a sakaya sunana. Ina roƙon ku daure ku kai ƙarshe kafin ku ce komai a kaina. Ban zo don a wanke ni ba. Na san abin da na aikata, kuma babu zagin da za ku yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba. Shawara nake nema, kuma kwanakin da suka rage mini kaɗan ne.

Ni mace ce, shekaruna ashirin da tara. Mu mutanen Borno ne, rikici ya koro mu muka zo Gombe muka kama haya a Bagadaza, ni da Baba da Iya da yayana namiji, wanda yanzu yake da ɗan shagon ɗinki a Nasarawo. A garinmu Baba ladan ne. Da muka zo nan ma ba a daɗe ba mutanen layinmu suka ji muryarsa suka damƙa masa kiran salla a ƙaramin masallacin unguwa. Mutum ne da ko goro ba ya ci. Idan aka aiko mana da nama sai ya tambayi wanda ya yanka kafin a ɗora tukunya. Na faɗi wannan ne don ku san wane ne na cuta.

Karatuna bai wuce sakandare ba, amma ina karanta Turanci daidai gwargwado, shi ya sa na samu aiki a wani babban shago a cikin gari. Mai shagon Kirista ce, 'yar kudancin Gombe, muna kiranta Madam, kuma tsakani da Allah ta riƙe ni kamar 'yar cikinta. A shagon akwai kanta biyu na kwalaben inabi. Ta gaba ita ce ta ruwan inabi marar giya, wanda ake saye don biki da suna da walima. Ta baya tana bayan labule, ita ce ta mai giya, wadda masu otal da wasu manyan ma'aikata suke saye. In ka kalli kwalaben ba za ka bambance su ba, wuyansu duk a naɗe da takarda mai ƙyalli, hoton inabi iri ɗaya. Abin da ya raba su wani ɗan ƙaramin rubutu ne a ƙasan takardar, lamba ce da ke nuna yawan giyar da ke ciki. Duba wannan lambar shi ne rabin aikina. Hajiya za ta shigo ta wuce duk sauran ma'aikata ta nufo ni saboda hijabina, ta miƙo kwalba ta ce, "'Yata, ke kin san Allah, duba mini, babu komai a ciki?" In juya kwalbar in duba in ce, "Babu, Hajiya, ki sha da bisimilla." Ban taɓa yi wa ko mutum ɗaya ƙarya a shagon nan ba. A gida kuwa cewa na yi shagon kayan masarufi ne da lemuka, ban taɓa ambaton labulen ba.

Mijin Madam tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, muna ce masa Oga. Da rana yakan zauna a bayan labulen, kuma har yanzu koyarwa ba ta bar jikinsa ba. Shi ya koya mini yadda zan amsa wa masu saye. Ya ce, "'Yar Borno, kifin Baga da kifin Dadin Kowa ɗaya ne?" Na ce a'a, Oga, namu ya fi. Ya yi dariya ya ce, "To haka inabi yake. Ƙasar da ya tsiro da ranar da ta dake shi, su ne ɗanɗanonsa." Ya nuna mini na Afirka ta Kudu, wanda ake yi da wani inabi mai suna Shiraz, ya ce mai ƙarfi ne, yana da yaji-yaji kamar masoro. Na Faransa, Merlot, ya ce wannan mai sauƙin hali ne. Na Sifen yana da bauri. Na Italiya akwai wani ja mai zaƙi da ɗan kumfa, ya ce shi mata suka fi so. Fari da kifi ake sha, ja da nama. Na haddace duk wannan kamar karatun jarrabawa, ba tare da ko ɗigo ya taɓa harshena ba. Kuma a bayan labulen nan ne na sha jin masu saye suna cewa jan yana ƙara jini, yana sa mutum cin abinci. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Manya masu motoci ne suke faɗa, ni wace ce da zan ce ba su sani ba?

Ciwon Baba ya fara ne da rama. Ya daina cin abinci, tuwo loma biyu sai ya ture. Mai kemis ya duba idonsa ya ce jini ne ya yi ƙasa. Babu abin da ba mu yi ba: maganin ƙarin jini, zogale, hanta, ganyen ugu da madara. Wani ya amayar, wani ya ƙi karɓa. Asibiti kuwa Baba ya ce ba za shi ba, ciwon tsufa ne. Wata rana ina gida na ji ya fara kiran la'asar, muryar tana rawa, ya kai tsakiya ya tsaya. Shiru. Sai wani mutum ya karɓi lasifikar ya ƙarasa. Da ya shigo gida bai kalli kowa ba, ya shige ɗaki ya juya fuska ga bango. Mun rasa gida, mun rasa gona, ban taɓa ganin Baba ya juya wa bango fuska ba sai ranar.

Washegari na samu Madam na ce, "Madam, da gaske ne jan nan yana ƙara jini?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Wa zai sha?"

Na kawar da kai gefe.

"Ke, kalle ni nan. Babanki ne? Mutumin da ke kiran salla? A'a. Ni ba Musulma ba ce, amma na san abin da ya haramta a wurinku. Ki lallaɓa shi ki kai shi asibiti, in mota ce Oga zai kai ku. Kada ki sa hannuna a cikin wannan."

Ku shaida, matar nan ta hana ni. Kada wani ya ɗora mata laifi. Bayan kwana biyu na ce mata wani mai otal ya aiko a kai masa kwalba ɗaya, na biya da hannuna, na zagaya bayan shago na juye a gorar ruwa, na jefar da kwalbar a bola. A gida na dafa zoɓo da citta da kanumfari da dabino, na cika kanumfarin don ya danne wari. Na zuba wa kowa nasa, na Baba kuma na ƙara abin da na ƙara. Na gaya wa kaina magani ne, lalura ce, kwana bakwai kawai in ga ko zai ci abinci. Wa na tambaya? Wane malami, wane likita? Babu. Ni na yi wa kaina fatawa a bakin murhu.

Na Afirka ta Kudu na fara ba shi. Ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan zoɓo naki mafaɗaci ne, 'yar Baba." Ya ƙona masa ciki. Da ina da hankali da a nan na tsaya. Maimakon haka sai na tuna karatun Oga, na ce ba irin da ya dace da shi ba ne. Na kawo na Sifen, ya ce kamar ɗanyar kanya, yana ɗaure baki. Na kawo na Faransa, ya sha rabi ya ajiye. Daga nan na fara ɗanɗanawa da kaina a bayan shago, in taɓa a harshe in tofar in kurkure baki, ina neman wanda zai ɓuya a cikin zoɓo. Kun ji inda na kai. A ƙarshe na Italiyan nan mai zaƙi ne ya karɓe shi. Ya shanye kofi, ya ci rabin malmalar tuwo, ya yi barcin rana har da minshari. Da ya farka ya kira ni ya dafa kaina ya ce, "Allah Ya yi miki albarka. Yadda kika shayar da ni, Allah Ya shayar da ke ruwan Alkausara." Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Za ku ce ta yaya babu wanda ya gane? A gidanmu babu wanda ya san warin giya. Wannan tsarkin nasu shi na yi amfani da shi. Iya ta taɓa kurɓar na kofinsa, har sau uku ko huɗu, ta ce, "Na Malam daban ne, yana da wani ɗumi a ƙirji. Me kike sa masa?" Na ce, "Ruwan inabin shagonmu ne, Iya, na Turawa." Yaya ya ɗago ya ce, "Kin dai duba ko?" Iya ta ce, "Kai ma da wata magana. Ita da take duba wa Hajiyoyin gari, ta kasa duba wa ubanta?" Aka yi dariya. Har da ni.

Kwana bakwai suka zama wata biyar. Baba ya ɗan murmure, ko kuma haka muka gani. Ya koma masallaci. Bayan abincin rana yake shan sa, in la'asar ta yi ya tafi ya kira salla. Ranar da ba na aiki ina tsakar gida ina jin muryarsa a lasifika, maƙwabta suna cewa Malam ya warke, ni kaɗai na san abin da ya jiƙa maƙogwaron da ke kiran sunan Allah. Me ya sa ban daina ba? Saboda yana ci. Saboda yana dariya. Saboda a gidan an fara kallona a matsayin wadda ta tashi Baba, kuma na ji daɗin hakan. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi yi mini wuyar rubutawa.

Sai idanunsa suka koma rawaya, ciki ya fara kumbura, ƙafafu ma haka. A wannan karon Yaya bai nemi izininsa ba, ya tare keke mai ƙafa uku muka kai shi asibiti. Aka yi gwaje-gwaje aka ce ciwon hanta ne, kuma ya daɗe a jikinsa, tun kafin ramar. Likitan matashi ne mai ladabi. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, tambaya ce da muke yi wa kowa. Kana shan giya, ko ka taɓa sha?"

Yaya ya miƙe tsaye. "Likita, ka san wa kake tambaya kuwa?"

Baba ya ɗaga hannu da ƙyar. "Zauna, aikinsa yake yi." Ya juya ga likitan yana murmushi. "Ɗana, na kusa saba'in. Ko warinta ban sani ba."

"To madalla," in ji likitan, "don mai irin wannan ciwo, kaɗan ma illa ce babba a gare shi. Akwai wani abu da yake sha a gida? Jiƙo, sassaƙe?"

Iya ta ce, "Babu, sai zoɓon 'yarsa."

Likitan ya juyo gare ni. "Me kike sawa a ciki?"

Na ce, "Citta, kanumfari, dabino."

Gorar tana cikin jakata a lokacin, a kan cinyata, ina jin sanyinta. Ya rubuta abin da zai rubuta ya wuce gado na gaba. Da na faɗi gaskiya, da zai canza magani? Da Baba zai ƙara wata ɗaya, ko shekara? Ban sani ba. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma na kuma san an tambaye ni, na ga ƙofa a buɗe, na zaɓi mutuncina.

Daga ranar na daina. Na zubar da gorar a makwarara, na koma haɗa masa da marar giya na kantar gaba. Kurɓa ɗaya ya yi ya ce, "Yau kin canza hannu." Washegari ma haka. Ya riƙa cewa, "'Yar Baba, na da ɗin nan fa? Ko na gajiyar da ke ne?" In ce ya ƙare a shago, Baba, ana jiran kaya. Sati uku ya yi a gadon asibiti. Ana gobe zai rasu ya tara mu ya nemi gafarar kowa. Na durƙusa na kama ƙafarsa na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Me kika yi mini? Ke da kika wahala da ni." Iya tana wurin, Yaya yana wurin. Na saki ƙafarsa ban faɗa ba. Ya yafe mini abin da bai sani ba, ni kuwa ban san ko wannan yafiya ce ba. Da hantsi ya cika.

Ranar uku Madam ta zo gaisuwa tun daga Tumfure, ta yafa mayafi ta zauna a tabarma kusa da Iya. Iya tana kuka tana yi mata godiya, tana cewa inabin shagonku ne ya riƙe Malam wata biyar, Allah Ya saka. Madam ta ɗago ta dube ni. Da na raka ta zaure ta tsaya ta ce, "Mai otal ɗin nan da yake aike kullum. Babanki ne?" Na sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallona, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Na faɗa miki." Sai kuma ta ce, "Ba zan kai maganar ko'ina ba, ba tawa ba ce. Amma kada wani naku ya zo ya tambaye ni, don ni ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba." Tun daga nan ba ta ƙara bari na shiga bayan labule ba. Har yau ina kantar gaba, Hajiyoyi suna miƙo mini kwalba suna cewa ke kin san Allah.

Na je wurin wani malami a wata unguwa na yi tambaya kamar a kan wata ƙawata. Ya ce wanda aka shayar bai sani ba babu laifi a kansa, laifin yana kan mai shayarwa, ta tuba. Na ji sanyi saboda Baba. Ina tuba, ina azumi, ina yi masa sadaka. Don haka masu shirin rubuta mini cewa in tuba, na gode, ina yi. Ba wannan ne ya kawo ni ba.

Iya ce ta kawo ni. Ta gama takaba wata biyu da suka wuce, kuma tun rasuwar take ramewa. Ba ta ci, jiri yana ɗibarta, tafin hannunta ya yi fari. Likitan Baba ya ce mu duka mu yi gwajin hanta, musamman ita. Ni da Yaya mun yi, ita ta ƙi. Ta ce asibiti ba su tsinana wa Malam komai ba, da ƙafarsa ya shiga aka fito da shi a makara, zoɓo ne kaɗai ya taɓa tashinsa. Shi take so. Na haɗa mata da marar giya, ta kurɓa ta ajiye ta ce, "Ba shi ba ne." Na canza wani, ja, fari, mai kumfa, marar kumfa, na ƙara citta don ya yi ɗumi. Duk wanda na kawo sai ta ce ba shi ba ne. Harshenta bai manta ba.

Shekaranjiya ta ture kofin har ya zube. Ba ta ɗaga murya ba, da ma Iya ba ta faɗa. Ta ce, "Na sani tun kina ƙarama ke 'yar ubanki ce. Ban taɓa jin haushi ba. Amma ban zaci abin da kika yi masa wata biyar ba gajiya, ni ko sau ɗaya ba za ki iya yi mini ba. Ba komai. Ki bar shi." Tun daga lokacin ko ruwa na miƙa mata sai ta ce ta ƙoshi. Kunun maƙwabciya take sha.

Yaya ya ja ni waje ya ce, "Ke wace irin zuciya gare ki? Uwarki ce fa." Na ce irin wancan ya daina zuwa. Ya ce, "To ranar Asabar zan rufe shago in je in samu Madam ɗin da kaina, ta gaya mini sunansa, ko Kano ne zan aika a nemo." Na san Yaya, in ya ce zai je, zai je. Na kuma san abin da Madam za ta ce masa.

Ga inda nake. In na ba Iya irin na Baba don ta huce, na shayar da uwata haram bayan ubana, kuma in ita ma tana da ciwon nan, da hannuna zan tura ta inda ya tafi. Wannan ba zan yi ba, ko za ta tsine mini. In na ci gaba da shiru, za ta ci gaba da ƙin asibiti tana jiran maganin da ba magani ba ne, tana kwana tana tashi da cewa 'yarta ba ta ƙaunarta. In kuma na faɗa, zan gaya wa matar da ba ta da sauran komai a duniya sai alfaharin cewa mijinta ya koma ga Allah da tsarkinsa, cewa wata biyar yana kiran salla da giya a cikinsa, ita ma ta kurɓa, kuma ranar da likita ya tambaya ina zaune na yi ƙarya. A yadda jikinta yake, zuciyarta za ta ɗauka? In ta ɗauka, za ta ƙara kallona? Yaya kuwa ban san abin da zai yi mana ba, ni ko Madam, wadda ba ta ci ba ba ta sha ba.

Na yi tunanin in fara gaya wa Yaya shi kaɗai. Na yi tunanin in nemi wata dattijuwa ta zauna tsakaninmu. Na yi tunanin in roƙi Madam ta ce kayan sun daina zuwa, sai na ji kunyar in sa wata ta yi ƙarya don ta rufe tawa. Kowace hanya na bi, a ƙarshenta Iya nake gani zaune a bakin gado da kofin da ta ƙi sha.

Yau Laraba. Iyayena, yayyena, wanda ya san yadda ake faɗa wa uwa irin wannan magana ba tare da an kashe ta ba, ya taimake ni don Allah.

Me zan yi?